ƘAGUWAR RAFI A TSIBIRIN SIRI LANKA

Yawancinmu mun san ƙaguwa. Da damina mu kan gan ta a bakin rafi ko a fadama tana tafiya a karkace, in ta ji motsi ta faɗa rami. In aka tambaye mu iri nawa ce, sai mu ce ai ƙaguwa ƙaguwa ce. Amma ba haka abin ya ke ba. Masana sun ƙidaya ƙaguwar ruwan daɗi iri fiye da 1,300 a duniya. Ruwan daɗi shi ne na rafi da kogi da tabki, wanda ba shi da gishiri kamar na teku.

A cikin wannan darasi za mu ga yadda a ke gane wannan iri daga wancan, da kuma amfanin ganewar. Za mu ɗauki misali daga wani tsibiri mai nisa, inda aka yi wannan aiki sosai.

TSIBIRIN

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ko ta ina. Wanda mu ke magana a kansa sunansa Siri Lanka. Yana cikin Tekun Indiya, dab da kudancin ƙasar Indiya. Da can ana kiransa Silon, a 1972 aka sake masa suna. Bai kai Jihar Neja girma ba. A tsakiyarsa akwai manyan duwatsu, mafi tsawo a cikinsu ya wuce ƙafa 8,000. Wajen kudu maso yamma ana ruwan sama ƙwarai, ga kurmi, ga ƙoramu masu yawa suna gangarowa daga duwatsun.

A farkon shekarun 1990, ƙaguwar ruwan daɗi iri 8 kaɗai aka sani a tsibirin. Sai waɗansu masana suka tashi suka bi ƙoramun nan ɗaya ɗaya. Daga cikinsu akwai Peter Ng, mutumin Singafo, da Rohan Pethiyagoda da Mohamed Bahir, 'yan ƙasar. Kafin ƙarshen 2005 lissafi ya kai iri 51. Kusan dukansu ba a samunsu ko ina a duniya sai a wannan tsibiri.

Ku lura, ba sababbin ƙaguwoyi aka halitta ba a cikin 'yan shekarun nan. Suna nan tun da daɗewa. Mutane ne ba su duba da kyau ba, suka haɗa iri da yawa suka ba su suna ɗaya. Hausawa sun ce, kama da wane ba wane ba ne.

ME YA SA IRIN YA YI YAWA?

Amsar tana wajen haihuwa. Ƙaguwar teku ta kan yi ƙwai dubbai, ƙanana ƙwarai. In sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba su kama da uwarsu ba tukuna. Su kan yi ta yawo a kan ruwa, igiyar teku ta kwashe su ta kai su nesa. Saboda haka iri ɗaya ya kan bazu a gaɓar ƙasashe da yawa.

Ƙaguwar ruwan daɗi ba haka ta ke ba. Ƙwanta kaɗan ne, amma manya. Uwar ta kan riƙe su a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe. Ko wane ɗa ya kan fito da siffar ƙaguwa sosai, sai dai ƙarami. Uwar ta ci gaba da ɗaukarsu 'yan kwanaki, sa'an nan ta sake su a rafin da ta ke zaune. Nan za su girma, nan za su haihu.

To, in dutse ya raba ƙorama biyu, ƙaguwar wannan ba ta saduwa da ta waccan. Zamani bayan zamani ko wace tana haihuwa a wurinta, har siffarsu ta bambanta, su zama iri biyu. Shi ya sa a Siri Lanka akwai irin da ba a samunsa sai a gefen dutse ɗaya tak.

YADDA A KE DUBAWA

Mai son gane irin ƙaguwa ba ya gaggawa. Ga matakan da ya kan bi.

1. Ya rubuta wurin da ya same ta, da ranar. A cikin ruwa ne, ko a ƙarƙashin dutse, ko a rami, ko a gonar shinkafa? A kan tudu ne ko a kwari? Wannan yana da muhimmanci, gama a tsibirai akwai ƙaguwar da ke zaune a rafi amma ta kan gangara teku ta haihu. Ita ba a lissafa ta cikin ƙaguwar ruwan daɗi ta ainihi.

2. Ya duba ƙafafu. Ko wace ƙaguwa tana da ƙafa takwas na tafiya, da hannu biyu masu kama da awartakin maƙeri, goma ke nan. Dogaye ne ko gajeru? Masu gashi ne ko sumul?

3. Ya duba ƙoƙon bayanta. Ya auna faɗinsa da tsawonsa. Shimfiɗaɗɗe ne ko mai doro? Mai santsi ne ko mai kaushi? A bayan idanu akwai wata kunya da ta kan gitta ƙoƙon. A wani iri ta fito sosai, a wani kuwa da ƙyar a ke ganinta. A gefen ƙoƙon kuma akwai 'yan haƙora. Ya duba yawansu da kaifinsu.

4. Ya juya ta rigingine. A cikinta akwai wani murfi a naɗe. In murfin siriri ne, namiji ne. In mai faɗi ne kamar faifai, mace ce, a nan ta ke ɗaukar ƙwai.

5. In namiji ne, ya ɗaga murfin. A ƙarƙashinsa akwai 'yan sanduna huɗu, biyu dama biyu hagu, waɗanda ya ke barbara da su. Waɗannan su ne babbar shaida. Kamar yadda ko wane kwaɗo ya ke da mabuɗinsa, haka ko wane iri ya ke da siffar sandunansa. Na wani a miƙe su ke, na wani a lanƙwashe, na wani kuwa bakinsu a murɗe. Da ya ke ƙanana ne, sai an sa madubin da ke ƙara girman abu. Mai binciken ya kan zana hotonsu a takarda.

Wani zai ce, ina launi? Launi yana taimako, amma ba a dogara da shi kaɗai. Ƙaguwa ta kan yi saɓa kamar maciji sa'ad da ta ke girma, launin ƙarama ya kan bambanta da na babba. In kuma aka ajiye ta cikin ruwan maganin da ke hana ruɓa, launin ya kan koɗe. Saboda haka a ke rubuta launinta, a ɗauki hotonta tun tana da rai. Girma ma ba shaida ba ne, domin ƙaramar wani iri ta kan yi kama da babbar wani.

A zamanin yanzu an sami ƙarin hanya. A kan yanki ɗan nama daga ƙafar ƙaguwa, a kai ɗakin bincike, a duba ƙwayoyin gadon da ke cikinsa. Wannan ya kan nuna waɗanda su ke 'yan'uwa na kusa da waɗanda su ke na nesa.

YADDA A KE SA SUNA

Bayan an gama dubawa, sai a gwada ƙaguwar da waɗanda aka riga aka sani. Ana ajiye samfurin ko wane iri a kwalabe, a gidajen adana kayan tarihi, ko wace kwalba da takardarta. In ta dace da ɗaya daga cikinsu, an san sunanta ke nan. In ba ta dace da ko ɗaya ba, sai a rubuta bayaninta filla filla, a buga, a raɗa mata suna.

Tsarin sunan yana kama da namu. Mutum yana da sunansa, yana da gidansu, yana da zuriyarsu. Haka ƙaguwa. Iri masu kama da juna a kan haɗa su gida ɗaya, gidaje masu kama da juna kuma zuriya ɗaya. Dukan ƙaguwar ruwan daɗi ta Siri Lanka zuriya ɗaya ce, an kasa ta gida bakwai.

Ko wane iri sunansa kalma biyu ne da harshen Latin. Ta fari sunan gida, ta biyu sunan irin. Wani masani mutumin Suwidin, mai suna Linnaeus, shi ya daidaita wannan tsari ga dabbobi a 1758. Amfaninsa shi ne, Bahaushe da Bature da mutumin Indiya duk za su kira abu ɗaya da suna ɗaya.

Ga misali. A kurmin Siri Lanka akwai ƙaguwa mai hawa itace, tana zama a kogon itacen da ruwan sama ya taru a ciki. A 1995 aka fara rubuta bayaninta. Sunanta yanzu Perbrinckia scansor. Kalmar fari ita ce gidansu. Ta biyu kuwa ma'anarta mai hawa.

INA AMFANIN WANNAN WAHALA?

Na fari, domin kiyaye halitta. An sare yawancin kurmin Siri Lanka, an yi gonakin shayi da na roba. Zaizayar ƙasa da maganin ƙwari suna shiga ƙoramu. Binciken da aka buga a 2005 ya nuna fiye da rabin irin ƙaguwar tsibirin suna cikin haɗarin ƙarewa. In iri yana ko ina, lalacewar rafi ɗaya ba ta kashe shi. In kuwa a rafi ɗaya kaɗai ya ke, ranar da rafin ya lalace, irin ya tafi ke nan har abada. Hukuma ba ta iya tsare abin da ba ta san da shi ba. Sai an san iri, an san inda ya ke, kana a san wurin da za a hana sara.

Ƙaguwa kuwa tana da aikinta. Tana cinye ruɓaɓɓen ganye da mushen da ya faɗa ruwa. Ita kuma kifi da tsuntsaye suna cinta. Yawancin irin kan dutse ba su rayuwa sai a ruwa mai tsabta, saboda haka ɓacewarsu alama ce ruwan ya fara ɓaci.

Na biyu, domin lafiya, wannan kuwa ya shafe mu. Waɗansu ƙaguwoyin rafi, a Asiya da Afirka ta Yamma, suna ɗauke da wata tsutsa. In mutum ya ci ƙaguwar ba ta dahu ba, tsutsar ta kan shiga huhunsa. Sai ya yi ta tari, har da jini, a zaci tarin fuka ne. Bayan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, likitoci sun sami masu wannan ciwo da yawa a gabashin ƙasar, domin yunwa ta sa mutane cin ƙaguwar da ba ta dahu sosai ba. Masu ɗauke da tsutsar a can 'yan wani gida ne da a ke kira Sudanonautes. Akwai 'yan wannan gida a rafukanmu na Arewa ma. In likita ya san irin da ke ɗauke da cutar, da inda irin ya ke zaune, ya san garuruwan da zai yi wa gargaɗi.

Saboda haka duk mai cin ƙaguwa ya dafa ta sosai. Ya wanke hannunsa da wuƙarsa bayan ya gyara ta. Kada a bar yara su gasa ta sama sama su ci. Wanda kuma ya daɗe yana tari, ya je asibiti, in ya taɓa cin ƙaguwa ya gaya wa likita.

In damina ta zo kuka sami ƙaguwa, ku kama ta ta baya don kada ta cije ku. Ku ƙidaya ƙafafunta, ku duba ƙoƙonta, ku juya ta ku ga mace ce ko namiji. Ku rubuta abin da kuka gani, da wurin, da ranar, ku kawo aji mu karanta tare. Sa'an nan ku mai da ita inda kuka same ta.

TAMBAYOYI

1. Mene ne tsibiri?
2. Iri nawa aka sani a Siri Lanka a farkon shekarun 1990, nawa kuma a 2005?
3. Me ya sa ƙaguwar rafi ba ta bazuwa kamar ta teku?
4. Yaya a ke gane mace daga namiji?
5. Don me ba a dogara da launi kaɗai?
6. Me zai sami wanda ya ci ƙaguwar da ba ta dahu ba?