Aikin Sa-kai a Ƙarƙashin Teku: Wa Ke Biyan Wa?



A hutun da ya wuce, yayana da ya gama sakandare ya shigo gida da murna yana nuna mana wata talla a wayarsa. Hoton wasu matasa ne a ƙarƙashin ruwa, kifaye masu launi kala-kala sun kewaye su. An rubuta cewa ana neman 'yan sa-kai da za su je wani tsibiri a ƙasar waje su ceci halittun teku, kuma su koyi aikin jagoran masu nutso. Yaya har ya fara lissafin albashi. Sai da Baba ya ce a karanta masa tallar har ƙarshe, sannan muka gane ashe ba biyansa za a yi ba, shi ne zai biya. Wannan ya sa na yi bincike da taimakon malaminmu na kimiyya. Ga abin da na fahimta.

Me ake son cetowa?

Abu mafi girma shi ne murjani. Mu mun san shi a matsayin kayan ado, amma a cikin teku halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne da suke taruwa su gina wani abu kamar dutse, kifaye su mayar da shi gida. Wuraren murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Mafi girma a duniya yana gaɓar Ostareliya, tsawonsa kimanin kilomita 2,300.

A jikin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ba shi launi da abinci. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, sai ya kore su, ya koma fari fat. Idan zafin ya daɗe sai ya mutu. Hakan ta faru a tekuna da yawa a 1998 da 2016. Saboda haka aikin na gaskiya ne. Ana buƙatar masu ƙirga kifaye, masu duba lafiyar murjani, da masu kwashe leda da tsoffin tarun kamun kifi.

Waye jagoran nutso?

Shi ne mai shiga gaba idan baƙi za su nutsa da tukunyar iska a bayansu. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, tana cikin manyan masu ba da takardar shaidar wannan aiki. Hawa-hawa ake yi kamar ajin makaranta. A matakin farko mutum ba ya wuce zurfin mita 18. A na biyu yana kai wa mita 30. A na uku yana koyon ceton wanda ya shiga hatsari. Sai bayan nan zai nemi zama jagora. Dole ya kai shekara 18, ya yi nutso sau 40 kafin ya fara, sau 60 kafin a ba shi takarda, kuma likita ya tabbatar da lafiyarsa. Ana samun makarantun wannan horo a tsibirin Ko Tawo na Tailan, da Utila na Honduras, da garin Dahab na Masar a bakin Bahar Maliya.

Tambayoyi biyar kafin a biya ko sisi

1. Ina kuɗin ke tafiya? A nemi a rubuto nawa ne na horo, nawa ne na masauki da abinci, nawa ne ke shiga aikin kare teku. A tambaya ko kuɗin jirgi, biza, inshora da kayan nutso suna ciki, domin sau da yawa ba sa ciki.

2. Wa zai yi amfani da sakamakon? Idan an ƙirga kifaye, wace jami'a ko hukuma ake miƙa wa lissafin? Idan babu amsa, to yawon buɗe ido ne aka sa masa rigar taimako.

3. Horo ne ko bauta? Wasu wuraren sukan ce a yi musu aiki kyauta a madadin kuɗin horo. A san awa nawa ne a rana, wata nawa ne, kuma a rubuce. A duba ko dokar ƙasar ta yarda mai bizar yawon buɗe ido ya yi aiki.

4. Idan hatsari ya auku fa? Wanda ya taso daga zurfi da sauri, iskar naitirojin takan yi kumfa a jininsa, kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza. Wannan na iya shanye jiki ko ya kashe. Maganinsa wani ɗaki ne na musamman mai matsin iska. A tambayi nisansa daga wurin.

5. Me mutanen garin ke samu? Idan baƙo ya yi aiki kyauta, wataƙila ɗan garin ne ya rasa abin yi.

A ƙarshe, a binciki sunan makarantar a wajen ƙungiyar da ta ce tana ƙarƙashinta, kuma a ji ta bakin wanda ya taɓa zuwa. Takardar ma ba ta nufin an samu aiki.

To, Yaya fa? Da ya ji cewa cikin jarrabawar akwai iyon mita 400 ba tsayawa, sai ya yi shiru, don bai taɓa wuce kududdufin bayan gari ba. Baba ya ce, "Ɗan nan, fara koyon iyo tukuna, teku ba gudu za ta yi ba." Yanzu yana neman gurbin karanta ilimin halittu a jami'a, kuɗin Baba kuma suna nan ba su nutse ba.

Daga wakiliyar aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.