Hoton Fareti da Sunayen da Ba a Rubuta Ba

A cikin akwatin littattafan mahaifina akwai wani tsohon hoto baƙi da fari wanda damshin Duwala ya cinye gefensa. Sojoji ne a jere, bindigogi a kafaɗa, a bayansu kuma wani dattijo sanye da babbar riga, lambobin girma uku a ƙirjinsa. Mun san mutumin unguwarmu ne, domin shi da kansa ya kawo wa kakana hoton. Amma babu suna a bayan takardar, babu shekara, waɗanda za su iya gane shi kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Wannan hoto shi ne dalilin rubutuna.

A 'yan shekarun nan matasanmu na New Bell sun ɗauki sha'awar ɗaukar hoton sojoji. Ranar 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, za ka gan su da wayoyi suna bin fareti. Wasu ma ba su bari ranakun tunawa da mazan jiya su wuce su, kamar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, da 8 ga Mayu, ranar da yaƙi na biyu ya ƙare a Turai a 1945. Abin yana da daɗin kallo: fararen safar hannu, takalma masu sheƙi, ƙarar begila, sannan shiru na minti ɗaya. To amma su wane ne ake tunawa?

Ranar 27 ga Satumba 1914 Duwala ta faɗa hannun rundunar Ingila da Faransa a ƙarƙashin Janar Dobell. Cikin sojojin da Ingila ta kawo daga Nijeriya akwai Hausawa da yawa, har ma da Hausa ake ba da umarni a rundunarsu. A ɓangaren Jamus ma akwai Hausawan da aka ɗauka aikin soja. Ke nan ɗan uwa ya ɗaga bindiga a kan ɗan uwansa a yaƙin da ba nasu ba, har zuwa Fabrairu 1916 da sansanin Jamusawa na dutsen Mora ya miƙa wuya. Ban da sojoji, akwai dubban 'yan dako da suka yi ta ɗaukar harsasai da abinci a ka cikin kurmi, cuta da yunwa suka kashe da dama daga cikinsu.

Haka kuma ranar 27 ga Agusta 1940 Leclerc ya wayi gari a Duwala, ya mayar da Kamaru ɓangaren Janar de Gaulle. Daga nan ya nufi Chadi, kuma yawancin waɗanda suka ci Kufra tare da shi a hamadar Libiya a Maris 1941 baƙaƙen fata ne. An gina masa abin tunawa a Bonanjo a 1948, sunansa yana nan kowa na karantawa. Su kuwa waɗanda suka taka yashin da ƙafafunsu, a 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu, ba a kammala daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu suna kabari. Tun 2014 kuma yaƙi da Boko Haram a Arewa Mai Nisa ya ƙara wa ƙasar nan zawarawa da marayun sojoji.

Saboda haka ina kira ga mai hoto: bayan ka ɗauki masu tsaron girmamawa, juya ka dubi gefen fili. A can za ka ga tsohon soja a kan kujera, ko gwauruwa riƙe da hoton mijinta, ko jika ɗauke da lambar kakansa. Masu hoton hukuma da na jarida manyan baƙi suke bi. Waɗannan na gefe, in ba kai ba, babu mai ɗaukarsu.

Sai dai aikin yana da ladubba. Ka je da wuri, ka nemi hafsan da ke kula da wurin ka roƙi izini, ka tsaya inda ya nuna maka. Kada ka ɗauki bariki ko motocin soja, domin hakan na iya jawo a karɓe maka waya ko ma a tsare ka. Ka bar rana a bayanka, ka kashe walƙiyar kyamara. Idan aka busa begila aka yi shiru, kai ma sauke hannunka. Musulmi ya yi wa mamatansa addu'a a zuci. Dattijo kuwa a gaishe shi tukuna, a tambaye shi, in ya ƙi a bar shi. Mace mai makoki ba abin kallo ba ce.

Mafi muhimmanci shi ne abin da zai biyo baya. Waya tana lalacewa, ana kuma sace ta. Ka wanke hoton a takarda kwafi biyu, ɗaya naka, ɗaya na mai shi. Ka rubuta a baya da fensir: sunansa da na mahaifinsa, garin asalinsu, rundunarsa, wurin da ranar. Ka ajiye shi nesa da bango da ƙasa, domin ruwan saman Duwala da ambaliyar New Bell ba su san darajar takarda ba. Duk gidan da ke da irin hoton namu, a kai wa tsofaffi su duba tun suna da rai.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda Shi kaɗai ya sani. Amin.