Oprah Winfrey da Sana'ar Hira a Talabijin

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su akwai wadda in mutum ya hango ta daga nesa sai ya zaci babu wata wahala a cikinta, wato sana'ar zama gaban kyamara a yi hira da baƙi jama'a na kallo daga gidajensu. Alhali kuwa sa'a guda da ake nunawa takan cinye kwanakin ma'aikata da yawa, waɗanda za su zaɓi mas'alar da za a tattauna, su nemo mutanen da abin ya shafa, su gana da su tun kafin ranar, su binciki gaskiyar abin da suka faɗa, sa'an nan su auna zancen minti-minti domin a bar wa talla gurbinta. Mai gabatarwa shi ake gani, mai shiryawa shi ke da hukunci. Ba kasafai mutum ɗaya yakan haɗa matsayin nan biyu ba, kuma cikin waɗanda suka haɗa su babu wanda ya kai wata baƙar fatar Amurka, Oprah Winfrey, shahara da dukiya.

An haife ta ranar 29 ga Janairu 1954 a Kosciusko ta jihar Mississippi, a zamanin da doka ta raba baƙaƙe da farare a makarantu da motocin haya na kudancin ƙasar. Kakarta ta wajen uwa ce ta rene ta a gona cikin talauci, ta koya mata karatu tun tana 'yar ƙarama, har ta riƙa tashi a majami'a tana karanto ayoyi da ka gaban manya. Daga baya ta zauna wajen mahaifiyarta a Milwaukee, sa'an nan wajen mahaifinta a Nashville, inda ta fara karanta labarai a gidan rediyo tana 'yar makaranta, ta kuma shiga talabijin tun ba ta cika shekara 20 ba.

A 1976 wata tasha a Baltimore ta ɗauke ta karatun labaran yamma, amma ba a daɗe ba aka sauke ta, domin ƙa'idar mai karanta labari ita ce ya danne zuciyarsa ya faɗi abin da ya faru, ita kuwa in ta je gidan da gobara ta cinye sai tausayi ya bayyana a fuskarta da muryarta. Aka mai da ita shirin hira na safe a 1978. Halin da ya zame mata aibi a ɗakin labarai shi ya zama jarinta a nan, saboda baƙo in ya ga ana sauraronsa da gaske yakan faɗi abin da bai yi niyyar faɗi ba.

A Janairun 1984 ta koma Chicago ta karɓi wani shirin safe da ke can ƙasa a jerin masu kallo, a birnin da Phil Donahue, wanda ya ƙago al'adar sauka cikin 'yan kallo da makirufo a hannu, yake sarautar wannan fage. Cikin ɗan lokaci ta wuce shi. Donahue yakan bi mas'ala ne bin ɗan jarida, da hujja da jayayya. Ita kuwa sai ta shigar da kanta cikin zancen, ta riƙe hannun baƙuwa, ta bayyana cewa ita ma an ci zarafinta tana yarinya. Wata rana a 1988 ta fito tana jan ƙaramin amalanke ja ɗauke da kitse mai nauyin kusan kilo 30, domin ta nuna wa jama'a gwargwadon ƙibar da ta rage, abin da daga baya ta ce ta yi nadamarsa.

Amma asirin dukiyarta yana cikin takardun yarjejeniya, kuma ba za a fahimce shi ba sai an san yadda kasuwar talabijin ta Amurka take. Ban da manyan kamfanoni irin su ABC da CBS da NBC, akwai ɗaruruwan tashoshi na garuruwa, kowace da sa'o'in da take cikewa da abin da ta saya. Saboda haka mai shiri yana iya sayar da shi tasha-tasha, kowace ta biya kuɗin izni, a kuma ware masa wasu mintoci na talla ya sayar da kansa. Ta wannan hanya kamfanin King World ya fara rarraba shirinta a tashoshi fiye da ɗari ranar 8 ga Satumba 1986. Galibinsu da la'asar suke nuna shi, gab da labaran yamma, kuma da yake mai kallo ba ya cika sauya tasha, duk wadda ta sami shirin ta sami masu kallon labaranta, don haka suka yi ta gasar biya. A 1986 ɗin ta kafa kamfaninta, Harpo, kuma a 1988 mallakar shirin ta dawo hannunta, ta sayi ɗakunan ɗaukarsa a Chicago. Daga ranar ta tashi daga mai albashi ta zama mai biyan albashi, har mujallar Forbes ta lissafa ta a 2003 a matsayin baƙar mace ta farko da dukiyarta ta kai dala biliyan ɗaya.

Mallakar ta ba ta ikon da mai gabatarwa ɗan haya ba ya da shi. A tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da shirye-shiryen hira suka koma dandalin tonon silili da dambe gaban kyamara, ta yanke shawarar barin wannan tafarki ko da masu kallo za su ragu. A 1996 ta buɗe zauren karatu, inda takan zaɓi littafi ta nemi masu kallo su karanta a tattauna, kuma duk littafin da ta ambata sai masu ɗab'i su kwana suna bugawa. Cikin waɗanda suka dace da wannan akwai marubucin Nijeriya Uwem Akpan a 2009. Kafin haka ta ba da shaida gaban majalisar dattawa a kan cin zarafin yara, kuma a 1993 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar tattara sunayen waɗanda aka hukunta da wannan laifi.

To, yardar miliyoyin mutane amana ce, kuma amana tana da hisabi. A 1996 an yi hira a shirinta kan cutar haukar shanu, ta ce abin da ta ji ya hana ta sake cin hambaga. Farashin shanu ya faɗi, masu kiwo na jihar Texas suka kai ta ƙara, kotu a Amarillo ta wanke ta a 1998. A 2006 ya tabbata cewa James Frey, wanda ta yaba littafinsa a matsayin tarihin rayuwarsa na gaskiya, ya cusa ƙirƙira a ciki. Da farko ta kare shi, daga bisani ta zaunar da shi gaban jama'a ta tuhume shi, ta kuma nemi gafarar masu kallo. Mafi nauyi daga wannan, likitoci sun zarge ta da buɗe zaurenta ga masu alaƙanta allurar rigakafi da cutar galahanga ba tare da hujjar ilimi ba, da kuma ɗaukaka wasu masu ba da shawarar lafiya da maganarsu ta wuce iliminsu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wadda aka zara gaban miliyoyi kuwa, gyaran da ya biyo baya ba ya isa duk inda ta isa.

Ranar 25 ga Mayu 2011 ta rufe shirin bayan shekara 25 da fitowa fiye da 4,500, ta mai da hankali ga tasharta, OWN, da makarantar 'yan mata da ta gina a Afirka ta Kudu a 2007. Matasa masu sha'awar wannan sana'a sukan kwaikwayi zamanta da salon tambayarta, alhali abin da ya fi cancanta su nazarta shi ne yadda ta karanta yarjejeniya kafin ta sa hannu, da kuma wuraren da bincike ya gaza a shirinta, domin wanda ya mallaki shiri ba shi da wani shugaba da zai ɗora wa laifin abin da aka faɗa a cikinsa.