KIYAYE FADAMA AIKIN GAYYA NE

Malam manomi, idan gonarka tana fadamar Haɗeja da Nguru, ka saba ganin baƙin tsuntsaye suna sauka da zarar damina ta ɗauke. Yawancinsu ƙananan agwagin ruwa ne da tsuntsayen bakin gaɓa. Daga Turai da Rasha suke tasowa don gudun sanyi. Sukan ƙetare teku da hamada, su iso wajen watan Oktoba, su koma gida wajen Maris. A nan suke tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya.

Ina ruwanka da su? Ruwan da ke kawo su shi ne ruwan shinkafarka, da kifin masunta, da ciyawar makiyaya. Duk shekarar da ka ga sun ragu, to duba fadama, ita ce ba ta da lafiya.

ABIN DA KE CIN FADAMA

Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne ke cika wannan fadama kafin ruwan ya wuce Gashuwa ya nufi tafkin Cadi. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu ƙwarai. Kuma ruwan da ake saki da rani ya hana wasu magudanai bushewa. Nan kacalla ta samu wurin zama. Takan toshe hanyar ruwa, gonar wani ta nutse, ta wani kuma ta bushe. A cikinta ne jan baki ke kwana, ya wayi gari a kan shinkafa da gero.

A 1987 aka fara shirin kiyaye wannan fadama tare da taimakon ƙungiyoyin gida da na waje. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci. An kuma keɓe tafkin Dagona domin tsuntsaye. Amma takarda ba ta yanke kacalla. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA ZA KU YI TARE

1. Ku zauna tun kafin ruwa ya zo. Mai gari, da sarkin noma, da sarkin ruwa, da ardo, kowa ya kawo bakinsa. Ku gayyaci ƙauyukan da ke gaba da ku a kan kogi, domin abin da kuka yi wa ruwa su zai fara shafa.

2. Ku yi gayyar share magudana. A yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse, domin ta ganye take shan iska. Idan ta sake tohowa a maimaita. A kwashe abin da aka yanke zuwa tudu, kada a bar shi ya sake toshe hanya.

3. Kada kowa ya datse ruwa ko ya haƙa sabuwar hanya shi kaɗai. A yi shawara tukuna.

4. A bar burtali da mashaya a buɗe. Wanda ya nome su ya jawo shanu cikin gonar maƙwabcinsa.

5. Ku keɓe tafki guda wanda ba a harbi, ba a kafa tarko, ba a su sai ranar da aka yarda. Kifi zai girma, tsuntsaye su samu wurin hutawa nesa da gonaki.

ABIN DA ZA KA YI A GONARKA

Kada ka wanke injin feshi a tafki, kada ka jefa kwalbar magani a ruwa. Kada ka zuba guba don kama kifi ko tsuntsu. Abin da guba ta kashe, in ya shiga tukunya, iyali ne za su ci.

Gaskiya ne wasu agwagi kan taɓa shinkafa. Maganin wannan shi ne tsaro da kora, da gwangwani da mutum-mutumi. Idan kuka yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabta, ɓarnar ba za ta taru a kan mutum guda ba, tsaron ma zai yi sauƙi.

Ka hana kajinka da agwaginka cuɗanya da tsuntsayen daji, saboda murar tsuntsaye. In ka ga sun mutu da yawa a bakin ruwa, kada ka taɓa, kada yara su ɗauka. Sanar da malamin dabbobi nan da nan.

A TUNA

Share magudana ya fi sauƙi kafin ruwa ya cika. Ku sa ranar gayya tun yanzu. Domin ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.