Damona Ya Yi Sati Uku Bai Yi Kashi Ba

Waɗanda muke aji ɗaya da su a sashen SLT sun san ina kiwon damo, har sun raɗa masa suna Shugaban Aji, wai don ba ya magana sai ido. A hannun wasu yara na saye shi a hanyar Dutsinma, wajen Batagarawa, sun ɗaure shi da igiya a ƙugu. Na haɗa masa akwatin katako a bayan ɗakin da muke haya, na zuba yashin gini, ina jefa masa abinci a kai. Da damina komai lafiya. Sai da hunturu ya shigo na kusa kashe shi da hannuna.

Abin da na fara lura shi ne babu kashi a akwatin. Sati ɗaya, sati biyu, har uku. Ciki ya kumbura, ya yi tauri ta wajen ƙafafun baya, wani lokaci ya ɗaga wutsiya yana yunƙuri, ba abin da ke fita. Ban damu da wuri ba, don ba ya nuna komai. Ba banza ake masa kirari da sarkin haƙuri ba: ciwo zai ci shi ya yi nisa yana kwance shiru.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. Ni da kai jikinmu na riƙe zafinsa wajen digiri 37, ko ana sanyi ko ana zafi, shi ya sa tuwon dare ke narkewa muna barci. Damo, guza, ƙadangare da hawainiya ba haka suke ba, zafinsu daga rana suke aro. Ƙadangaren da ka gani kan katanga da hantsi yana gyaɗa kai, cikinsa yake kunnawa. Idan jiki ya yi sanyi, hanji ya rage motsi, abincin ya zauna, jiki ya ci gaba da tsotse ruwan da ke cikinsa har ya zama dunƙule. To ku tuna daren Janairu a Katsina, sannan ku tuna akwatina na cikin inuwar katanga, rana ba ta taɓa shi sai bayan azahar.

Laifi na biyu yashin nan. Duk abin da na jefa masa sai ya haɗiye da ƙasa. Damo mai ɗumi, mai isasshen ruwa, yana fitar da 'yar ƙasar da ya haɗiya ba wahala. Wanda sanyi ya kama kuwa, tana taruwa ne kamar siminti. Na uku kuma, wallahi har kunyar faɗa nake: soyayyar fara nake ba shi, irin wadda muke saye da gishiri da yaji, busasshiya ƙamas. A daji abincinsa ƙwari ne masu rai, gyare, fara, dodon koɗi, har kunama, duk da ruwansu a jiki.

A nan mutum ke ruɗewa. Damo a daji da damina yake cin abincinsa, da rani kuwa yakan laɓe a rami ko kogon itace ya yi watanni kusan ba ci. Saboda haka ƙin cin abinci da hunturu ba ciwo ba ne shi kaɗai. Wanda bai ci ba, cikinsa a saɓule yake. Wanda ya ci, bai fitar ba, ciki ya yi tauri, shi ne mai toshewar hanji. Ku kuma duba farin abin nan kamar alli da ke bakin kashin ƙadangare: fitsarinsa ke nan. In yana fita da laushi, akwai ruwa a jiki. In ya zama tsakuwa mai ɗorawa, ƙishirwa ta kama shi, kuma shi kansa yana iya toshe hanya.

Abin da na yi ba shi da tsada. Na daina ba shi abinci gaba ɗaya. Na kwashe yashin, na shimfiɗa tsohon kwali, na matsar da akwatin inda hantsi ke bugawa, na sa faffaɗan dutse a ciki, na bar gefe ɗaya da inuwa don in zafi ya ishe shi ya koma. Da dare ina shigo da shi ɗaki, abokin ɗakina na ta mita: "Malam, ni fa ban biya haya da damo ba." Kullum da rana ina tsoma shi a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 30, wanda bai wuce kafaɗarsa ba, minti 15 zuwa 20, ina tsaye a kansa. Yana ciki nake shafa cikin a hankali daga ƙirji zuwa gindin wutsiya. Shafawa na ce, ba matsawa ba. A rana ta huɗu ya saki dunƙule cikin ruwan, na fasa da tsinke, yashi ne da ƙafafun fara.

Shawarwari kuwa na sha su. Wani ya ce in ɗura masa manja, wani ya ce jar kanwa, wani ma ya kawo maganin wankin ciki daga kemis. Ban yi ko ɗaya ba. Ɗura wa damo mai da ƙarfi na iya kai shi huhu, maganin mutum kuma an auna shi ne da mai kilo 60.

Akwai inda ruwan ɗumi ba ya aiki. In ya fara jan ƙafafun baya, ko yana amai, ko ka ga jini ko jan nama ya leƙo ta dubura, ko an yi kwana biyar ana jiƙawa ba labari, sai likitan dabbobi. Mace mai ƙwai da ya maƙale ma haka cikinta ke yi, hoto ne kawai ke bambancewa, kuma asibitocin koyarwa na dabbobi suna ABU Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Robar da ka jiƙa shi a ciki kar ta koma wanke-wanke, ka kuma wanke hannu da sabulu, don dabbobin nan na ɗauke da ƙwayar Salmonella a kashinsu. Ni sai da na sayo wa abokin ɗakina sabon baho.