Abin Da Ke Tura Ƙananan Masunta Ga Haramtaccen Su A Gaɓar Tekun Gana

Su da kwale-kwale shi ne abin dogaron garuruwan gaɓar tekun Gana irin su Elmina, Apam da Axim, kuma kifi ne naman da talakan ƙasar ya fi samu. Dokar kamun kifi ta 2002 da ƙa'idojin 2010 sun haramta su da hasken fitila, da nakiya, da guba, da raga mai ƙananan idanu. Duk da haka masunta da yawa ba su daina ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Babban dalili shi ne ƙarewar kifi. Sadin, wanda aka fi kamawa a yi banda da shi, ya ragu ƙwarai tun daga shekarun 1990, alhali yawan kwale-kwale ya haura dubu goma. Tallafin man inji da gwamnati ke bayarwa ya ƙara jawo mutane cikin sana'ar. Masuncin da ya kwana a teku ya dawo hannu rabbana yakan koma ga janareto da fitila, domin haske na tara kifi wuri guda.

Sai kuma bashi. Sau da yawa matan da ke fataucin kifi ne ke biyan kuɗin mai da abincin tafiya, da sharaɗin a biya su da abin da aka kamo. Mai bashi a wuya ba ya jiran kifi ya girma.

Manyan jiragen su, waɗanda akasarinsu ke da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin, sun ƙara dagula lamarin. Sun riƙa kwashe ƙananan kifaye, su daskarar, su sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku, cinikin da ake kira saiko. An ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin tan 100,000 ne suka shigo ta wannan hanya. Tarayyar Turai ta gargaɗi Gana a 2013, ta sake gargaɗinta a 2021, saboda raunin sa ido.

Ƙaramin masunci da ya ga manya na karya doka ba hukunci, da wuya ya kiyaye ta. Sarakunan masunta, waɗanda a da suke tsare al'adu irin hutun ranar Talata, ikonsu ya raunana. Hutun su na wata guda, irin wanda aka fara sanya wa masu kwale-kwale a 2019, zai yi tasiri ne idan an hukunta babba da ƙarami daidai, aka kuma sama wa matasan gaɓa wata sana'ar.