Ranar da aka hana Oprah taɓa jaka

A watan Yulin 2013 mawaƙiya Tina Turner ta yi aure a gidanta da ke bakin tafkin Zurik, a ƙasar Suwizalan. Cikin 'yan biki har da aminiyarta Oprah Winfrey, wadda ta shekara 25 tana gabatar da shirinta a talabijin ɗin Amurka, kuma tun 2003 mujallar Forbes ta sa ta a sahun masu dala biliyan, baƙar mace ta farko da ta kai nan.

Oprah ta fita gari, ta shiga wani kantin kayan ƙawa mai suna Trois Pommes. Idonta ya faɗa kan wata jakar hannu ta fatar kada, ƙirar Tom Ford, an ajiye ta can sama. Kuɗinta faran dubu 35 na Suwizalan, kusan dala dubu 38. Ta ce a sauko mata da ita. A faɗarta, mai jiran kantin ta ce a'a, wannan ta yi tsada, ta shiga nuna mata ƙananan jakunkuna masu sauƙin kuɗi. Ta sake roƙo, aka sake ƙi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce kin san ko ni wace ce ba. Ta yi godiya ta fice.

Ɗan tireda a Kwanar Ɗangora ma ya san ba a auna aljihun mai saye da rigarsa, balle mutanen Bebeji, garin Alhassan Ɗantata, wanda ake ba da labarin rashin son ƙawarsa, alhali shi ne a 1929 ya kai azurfa lodin raƙuma 20 bankin Turawa a Kano.

Da Oprah ta ba da labarin a wata hira cikin Agusta, ba ta ma ambaci sunan kantin ba. 'Yan jarida ne suka tono shi. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta fito ta ba ta haƙuri. Mai kantin, Trudie Goetz, ta tsaya kai da fata cewa rashin fahimta ne kawai, ita ma ma'aikaciyar ta musanta, ta ce bayani take yi cewa akwai irin jakar a wasu fatu. Ba shaida, maganar wannan ce da ta waccan. Daga baya Oprah ta ce ba ta so abin ya yi wannan girman ba.

Ba a nan aka fara ba. A Yunin 2005 ta isa kantin Hermès a Paris kimanin minti 15 bayan an rufe, da sauran mutane a ciki, aka hana ta shiga. Kamfanin ya ce wani taro ake shiryawa. Duk da haka a Satumba shugaban reshensa na Amurka, Robert Chavez, ya zo shirinta ya nemi gafara a bainar jama'a.

A ganina ta Paris da sauƙi, an tashi an tashi. Ta Zurik ce mai ciwo, domin ƙofa a buɗe take, kaya na sayarwa ne, kuma ba a bari mai saye ta faɗi da bakinta cewa ya fi ƙarfinta ba.